Wuƙar roba da takardar shaida: abin da ake sayar mana da sunan kare kai

Makon jiya 'yar ƙanwata ta turo mini wani bidiyo a WhatsApp da daddare, ta rubuta a ƙasansa: "Kawu, don Allah duba mini wannan. In biya?"

Na buɗe. Wani ƙaƙƙarfan mutum ne cikin baƙar riga yana nuna wa 'yan mata yadda za su ƙwace wuƙa daga hannun ɓarawo. Yaronsa ya miƙo hannu da wuƙar roba, ya tsaya cak, hannun a sandare kamar taɓarya. Malamin ya kama wuyan hannun, ya juya, ya murɗe, sai ga yaron ya wuntsila ya faɗi da kansa. Aka tafa. A ƙarshe rubutu ya fito: kwana uku kacal, Juma'a zuwa Lahadi, har da takardar shaida.

Na san abin da ya kawo tambayar. Wata biyu da suka wuce an ƙwace mata waya a cikin adaidaita sahu, wanda ya ƙwace ɗin kuma sai da ya nuna mata tsinin wuƙa. Tun daga ranar ba ta yarda magariba ta same ta a waje. Yarinya ce mai neman abin da zai dawo mata da natsuwarta, shi kuwa mai bidiyon ya san akwai irinta da yawa.

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ba kuɗin ne ya dame ni ba. Abin da na hango shi ne ranar da za ta sake haɗuwa da mai wuƙa, ta tuna da bidiyon, ta miƙa hannu.

Inda na tsaya

Shekarata shida ina koyon jiu-jitsu na Brazil, wani wasa mai kama da kokawa. Na fara ne a Abu Dhabi lokacin da aiki ya kai ni can, ƙasar da tun 2008 aka shigar da wasan cikin makarantun gwamnati. Ina son wasan, ina kuma ganin yana cikin mafi amfanin abin da mutum zai koya don tsare jikinsa. Da wannan nake cewa: duk dabarar faɗa da ba a gwada ta a kan mutumin da ke turjiya da gaske ba, ba a koye ta ba, kallonta kawai aka yi. Malamin da ya karɓi kuɗi a kan irin wannan ya ce ya koya maka kare kai, ya ci amanarka.

Amma ba zan tsaya a kan mai baƙar riga kaɗai ba. Mu ma 'yan jiu-jitsu muna da namu rabin gaskiyar da muke sayarwa, zan kuma zo kanta.

Abin da ya sa na yarda da wasan tun farko

Asalin maganar a Japan take. A 1882 wani malamin makaranta mai suna Jigoro Kano (sunansa ne haka, ba shi da alaƙa da Kanon Dabo) ya buɗe makarantar Kodokan a Tokyo. Ya tarar da tsofaffin makarantun faɗa cike da dabaru masu ban tsoro, irin su tsokane ido da karya wuya, waɗanda ba yadda za a yi ka gwada su a kan abokin karatunka da iya ƙarfinka. Sai ya ware irin waɗannan gefe, ya gina horonsa a kan abin da mutum biyu za su iya gwabzawa da shi kullum ba tare da an kai wani asibiti ba: kayarwa, dannewa, shaƙewa da murɗe gaɓa. Wannan gwabzawar ta yau da gobe ita suke kira randori. Ita ce ta fito da judo.

Ɗaya daga cikin ɗaliban Kodokan, Mitsuyo Maeda, ya zaga duniya yana karawa da 'yan kokawa da 'yan dambe, ya isa Brazil a 1914, ya zauna a birnin Belém. Daga hannunsa da na ɗalibansa ilimin ya isa ga Carlos Gracie, sannan ga ƙanensa Hélio. Gidan Gracie suka mayar da hankali a kan ɓangaren da ake yi a ƙasa bayan an faɗi. Ba su kaɗai ba ne, domin akwai Oswaldo Fadda da ya riƙa koyar da talakawa a unguwannin bayan garin Rio de Janeiro, amma su ne suka iya talla, sunansu ne ya fita.

Duniya ta farga ne ranar 12 ga Nuwamba 1993 a birnin Denver na Amurka, a gasar UFC ta farko, inda ake haɗa masu salon faɗa daban-daban su kara. Royce Gracie, siriri mai nauyin wajen kilo 80, ya kara da mutum uku a dare ɗaya: ɗan dambe Art Jimmerson, sai Ken Shamrock, sai Gerard Gordeau. Karawar uku gaba ɗaya kusan minti biyar suka ɗauka. Bai fasa wa kowa baki ba. Kai su ƙasa ya yi, ya danne, kowannensu ya saranda.

Mutane da yawa suna ganin sirrin yana cikin dabarun. Ni ina ganin yana cikin yadda ake koyonsu. A ajin jiu-jitsu, bayan malami ya nuna dabara an maimaita ta, sai a saita agogo, minti biyar ko shida, ka kama da wani da ba ya son ka yi nasara. Yana da nauyi, yana zufa, yana numfashi a fuskarka, ya kuma san abin da kake shirin yi. In ya kama ka da shaƙa ko murɗa, sai ka bubbuga jikinsa da tafin hannu, ya sake ka nan take, ku sake farawa. Wannan bugun saranda shi ne ya ba mu damar yin faɗa da iya ƙarfi sau ɗaruruwa a shekara, mu koma gida lafiya.

Bahaushe bai kamata wannan ya zame masa baƙo ba. Ɗan kokawar gargajiya ba a allo ya koyi kayarwa ba. A dandali ya koya bayan kaka, aka kayar da shi, ya tashi ya kakkaɓe ƙura ya sake kamawa. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Bambancin dai shi ne, a kokawarmu da zarar an kai mutum ƙasa wasa ya ƙare, su kuwa a nan nasu yake farawa.

Ranar farko da wani ya hau ruwan cikina a tabarma, yaro ne da na girme shi na kuma fi shi jiki, sai na ji numfashina ya ɗauke, tunanina ya watse, hannuwana suna ture-ture ba tsari. A sakan talatin ƙarfina ya ƙare. Wannan firgicin shi ne babban abokin gaba, kuma ba a maganinsa da bayani. Sai ka shiga cikinsa sau da yawa har jikinka ya gane cewa za a iya numfashi a ƙarƙashin nauyin mutum, za a iya tunani, akwai ƙofar fita. Ya ɗauke ni watanni. Ina mai kwana uku zai samo wannan ya bayar?

"Ai dabarunmu na kisa ne, ba a gwada su"

Wannan ce amsar da masu irin bidiyon suke bayarwa. Titi ba shi da doka, in ji su, don haka wasan da ke da alƙali da agogo ba zai shirya ka ba. Su abin da suke koyarwa ya fi ƙarfin gwaji.

To mu duba. Wanda bai taɓa iya kai hannunsa ga fuskar mutum mai kaucewa ba, ta yaya zai sami ƙwayar idonsa? Wanda aka danne aka hau ruwan cikinsa, in ya ce zai yi cizo ko tsokane ido, ya manta cewa na saman ma yana da haƙora da yatsu, ga nauyi kuma a wajensa. Matsayi ne ke ba mutum iko a faɗa. Mugun nufi kowa yana da shi ranar da ransa ke kan layi.

Ba a ba direba lasisi don ya haddace inda birki yake. Sai ya hau titi, mota ta mutu masa a tsakiyar hanya, ya tayar. Wanda ya ce maka tuƙinsa ya fi ƙarfin a gwada a titi, ba za ka ba shi 'ya'yanka ya kai makaranta ba.

Rabin gaskiyar da mu ma muke sayarwa

Yanzu bari in juyo gida, domin nan ne abin ya fi yi mini ciwo.

Akwai maganar da ake ta maimaitawa a tallan jiu-jitsu, wai kashi 90 cikin ɗari na faɗa a ƙasa yake ƙarewa. Maganar ta samo tushe ne daga bayanan 'yan sandan Los Angeles a kan kama masu laifi, inda dama aikin ɗan sanda shi ne ya kai mutum ƙasa ya sa masa ankwa. Ɗaukar wannan a ɗora wa ɗalibar jami'a mai dawowa daga lacca ba adalci ba ne. Ita ba kama kowa za ta yi ba. Gida take son kaiwa.

Sannan wasan da kansa ya canza. Tun da aka fara gasar duniya a Rio a 1996, dokokin maki suka fara juya yadda ake koyarwa. Kayarwa maki 2, wuce ƙafafun abokin karawa maki 3, hawa ruwan ciki ko kama baya maki 4. Ba naushi, ba shuri, ba a ɗaga mutum a maka shi da ƙasa. Da yake haka ne, ɗan wasa yana iya zama da kansa a tabarma tun farkon karawa, ya jawo abokinsa tsakanin ƙafafunsa, abin da 'yan Brazil ke kira guarda. Wasu har sukan kifa kansu ƙasa ƙafafu sama su juya ta ƙarƙashin mutum su ɓullo ta bayansa. A gasa wannan gwaninta ce ta gaske, ina kuma kallonta da sha'awa. A kan kwalta, kusa da kwata, da mutumin da ke da takalmi a ƙafa, ganganci ne.

A wasan, launin ɗamara ke nuna matsayi, daga fara ta sabon shiga har zuwa baƙa ta gwani. Na san masu shuɗiyar ɗamara, har da masu ruwan goro da ke dab da baƙa, da ba su taɓa yin atisaye ko sau ɗaya da wanda aka ba izinin kai musu mari ba. Ba laifi ba ne in wasa suka zo yi. Laifin yana kan makarantar da ta rubuta "kare kai" a allon ƙofarta, ta shekara tana koyar da neman maki.

Wanda yake ganin ɗamara sulke ce, ya tuna da Leandro Lo. Sau takwas yana cin gasar duniya da baƙar ɗamara, a rukunin nauyi biyar daban-daban. A watan Agusta 2022, a wajen wani taron kiɗa a São Paulo, rigima ta haɗa shi da wani ɗan sanda da ba ya bakin aiki. Kamar yadda waɗanda ke wurin suka bayar da labari, Lo ya kai mutumin ƙasa ya danne shi, sannan ya sake shi. Mutumin ya tashi, ya zaro bindiga, ya harbe shi a ka. Yana da shekara 33. Ba a taɓa samun 'yan tabarma da yawa da suka kai shi ba, kuma a ɓangaren kokawar ya yi nasara a daren. Duk lokacin da na tuna da shi sai jikina ya yi sanyi.

Wuƙa ma haka take. Tun 1983 wani ɗan sandan Salt Lake City mai suna Dennis Tueller ya nuna cewa mai wuƙa da ke nesa da kai da mita shida da 'yan kai zai iya cim maka a cikin sakan ɗaya da rabi. Mai wuƙa na gaske ba ya miƙo hannu ya tsaya. Hannu ɗaya yana riƙe da rigarka, ɗayan yana shiga yana fita, sau da yawa ma ba za ka ga wuƙar ba sai ka ji ɗumi. Malaminmu na Abu Dhabi ya taɓa ba mu alƙalamin allo mai jan tawada a madadin wuƙa, ya sa muka sa fararen riguna, ya ce wanda ya iya ya ƙwace. Mu goma sha wani abu ne a ajin, har da masu shekaru a wasan. Ba wanda ya fita da farar riga. Wasu sun ƙwace alƙalamin, amma bayan an zane musu ciki da wuya. Darasin ranar ke nan gaba ɗaya, bai ƙara ko kalma ba.

Ga kuma yawa. Masu ƙwacen waya ba su cika tafiya su kaɗai ba. Kana ƙasa kana murɗe hannun ɗaya, na biyun yana tsaye a kan kanka. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma ba ɗamarar da ta soke wannan.

Saboda haka abin da ya kamata jiu-jitsu ya ba mai neman kare kai ba shi ne son zuwa ƙasa ba. Iya ƙin faɗuwa ne, da iya kuɓucewa in an danne ka, da iya miƙewa tsaye ba tare da ka ba da fuskarka ga shuri ba, sannan ƙafa me na ci ban ba ki ba. Akwai wata hanyar miƙewa da ake koya wa sabon shiga: hannu ɗaya a ƙasa ta baya, ɗaya yana kare fuska, ka janye ƙafa ka tashi kana fuskantar mutumin. Ba ta da kyan gani, ba wanda zai sa ta a bidiyo ya sami masu kallo. A wurina ta fi duk wata murɗa daraja. A nan ma ɗan kokawar gargajiya ya riga mu gaba da wani abu, domin shi duk rayuwarsa koyon ƙin faɗuwa yake.

"Ko kaɗan ai ya fi babu"

Wannan ce hujjar da ta fi ƙarfi, ba zan kuma raina ta ba. Ba kowa ke da shekaru da kuɗin zuwa aji sau uku a mako ba. Baƙar ɗamara takan ci wajen shekara goma. Shin sai a ce wa uwa mai 'ya'ya huɗu ko ɗaliba mai jarrabawa ta haƙura ke nan?

A'a. Gajeren horo yana iya amfani, akwai ma shaida. A 2015 mujallar likitanci ta New England ta buga wani bincike da Charlene Senn ta jagoranta a jami'o'i uku na Kanada, da ɗalibai mata kusan 900. An ba rabinsu horo na awa 12. Bayan shekara ɗaya, waɗanda aka yi wa fyaɗe a cikin masu horon kashi 5.2 ne cikin ɗari, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 9.8. Kusan rabi ke nan aka rage.

Amma me aka koya musu a awa 12 ɗin? Mafi yawansa gane haɗari ne tun kafin ya iso, musamman daga mutumin da suka sani, domin shi ne ya fi yawa ba baƙo a lungu ba. An koya musu su daina yi wa zuciyarsu musu in ta ce wurin nan ba lafiya, su ɗaga murya, su ce a'a da ƙarfi ba tare da jin nauyin kowa ba, su bar wurin. Ɓangaren jiki kaɗan ne kuma mai sauƙi, na kuɓucewa a gudu. Ba wanda ya yi musu alkawarin ƙwace wuƙa.

Ashe ba gajartar kwanakin ce matsalar ba, abin da aka cusa a cikinsu ne. Kwana uku sun isa a koya wa yarinya ta lura da wanda ya shigo adaidaita bayanta, ta sauka in hankalinta bai kwanta ba ko da ta biya kuɗi, ta daina fito da waya a cunkoso, ta yi ihu ba kunya. Ba su isa a koya mata kokawa da ƙato ba. Wanda ya ba ta na biyun ya bar na farkon, ya ƙara mata ƙarfin gwiwar da ba shi da tushe. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Wadda ba ta san komai ba za ta miƙa wayar ta tsira. Wadda aka ruɗa ita ce za ta tsaya.

Amanar da ke wuyan malami

Akwai ɓangaren da ba a cika magana a kansa ba, wato lafiyar ɗalibi a cikin ajin kansa.

A 2018, a wata makarantar jiu-jitsu da ke yankin San Diego, wani saurayi mai farar ɗamara yana gwabzawa da malaminsa mai baƙa. Malamin ya yi wata juyawa daga bayansa, nauyi ya sauka a wuyan yaron, ƙashin wuya ya karye, jikinsa ya shanye. A 2023 kotu ta yanke a biya shi dala miliyan 46. 'Yan wasan duniya sun yi ta jayayya a kan ko dabarar ce da laifi ko tsautsayi ne. Ni abin da na ɗauka shi ne, in ka fi mutum sani nesa ba kusa ba, jikinsa amana ne a hannunka. Sabon shiga bai san inda zai ajiye kansa ba. Kai ne za ka sani a madadinsa.

Na ga irin wannan sakacin da idona, a wata makaranta da na ɗan zauna bayan na bar ta farko. Malamin yana gefe yana danna waya, ya bar sababbi biyu da ba su yi mako biyu ba suna gwabzawa. Ɗaya ya ga murɗar hannu a intanet, ya fizga da ƙarfi lokaci ɗaya. Kafin ɗayan ya ɗaga hannu ya bubbuga, mun ji ƙarar gwiwar hannunsa. Magidanci ne mai aikin hannu, ya yi wata uku ba ya aiki. Bai sake dawowa ba, ni ma ban daɗe a wurin ba.

Malamin kirki yana koyar da saranda kafin ya koyar da shaƙa. Yana faɗa wa ɗalibai ƙarara cewa bubbugawa ba abin kunya ba ne, kuma wanda aka bubbuga wa bai saki ba, ƙofa a buɗe take. 'Yan wasan suna son ba da labarin Hélio Gracie da ɗan judon Japan Masahiko Kimura a filin Maracanã na Rio a 1951, yadda Kimura ya murɗe masa kafaɗa da dabarar da har yau ake kira da sunansa, Hélio ya ƙi saranda sai da yayansa Carlos ya jefa tawul. Jarunta ce, na yarda. Amma wannan karawa ce ta mutuncin gida a gaban dubban mutane. Mai zuwa aji ranar Talata da yamma yana da ofis ko shago gobe, kafaɗarsa kuma ita ce jarinsa.

Sai babbar magana, wato shaƙa. Dabarar tana toshe manyan jijiyoyin jini biyu da ke gefen wuya, kuma in ta zauna daidai mutum yana iya sumewa a wajen sakan goma. In aka saki nan take yakan farfaɗo. In aka ci gaba da riƙewa, ƙwaƙwalwa ce ke mutuwa. A watan Mayu 2023, a cikin jirgin ƙasa na birnin New York, wani tsohon sojan Amurka ya shaƙe wani mutum mai suna Jordan Neely ta baya na wajen minti shida, Neely ya mutu. Kotu ta wanke mutumin a Disamba 2024, ni kuma ba sake shari'ar na zo yi ba. Abin da nake nunawa shi ne tazarar da ke tsakanin sakan goma da minti shida. Koya wa matashi yadda ake kama wuya abu ne na yini ɗaya. Koya masa ya gane jiki ya saki, ya san yaushe zai sake, ya kuma san akwai hanyoyin danne mutum ba tare da an taɓa wuyansa ba, wannan shi ne aikin malami. Rai ba abin wasa ba ne, ko da na wanda ya yi maka laifi.

A nan ne nake amsa wa iyayen da ke cewa koyar da irin wannan zai mayar da yara 'yan daba. Tsoronsu yana da tushe in malamin banza aka samu. Amma abin da na gani a wurin malaman kirki akasin haka ne. Saurayin da ake dannewa sau goma a dare ɗaya, wani lokaci wanda bai kai shi jiki ba ne ke danne shi, ba ya fita titi yana neman rigima. Ya riga ya san ba a gane gwani da ido.

Maganar mata

Wasa ne na haɗa jiki sosai, kuma da yawa daga cikin 'yan'uwanmu mata ba za su yi shi da maza ba. Suna da gaskiyarsu, ba kuma sai sun ba kowa haƙuri ba. A Abu Dhabi an warware wannan ba tare da hayaniya ba: ajin mata daban, malamai mata, da yawansu daga Brazil aka ɗauko su. 'Yan mata sun fito daga wannan tsarin suna cin lambobi a gasar ƙasa da ƙasa.

Gaskiya ne cewa wadda ba ta taɓa jin nauyin namiji a tabarma ba akwai abin da ba ta auna ba. Amma wadda ta shekara biyu tana kuɓucewa daga ƙarƙashin mata masu turjiya da gaske ta yi wa mai takardar shaidar kwana uku nisa. In kuma tana da ɗan'uwa muharrami da zai riƙa ba ta nauyinsa a gida ta gwada fita, ta rage giɓin.

Abin da na rubuta mata

Washegari da safe na amsa mata. Na ce, "'Yata, kada ki biya. Wayar da kika miƙa ranar nan, daidai kika yi, ko ni ne abin da zan yi ke nan."

Na ce in tana son koyo da gaske zan taya ta nema, amma ta je ta kalli aji ɗaya tukuna kafin ta fitar da ko sisi. Ta duba ko ɗalibai suna gwabzawa da juna ko kuwa kullum malami ne ke kayar da yaronsa. Ta duba idon malamin, yana kan ɗalibai ko yana kan waya. Ta lura ko ana saki da zarar an bubbuga. Sannan ta tambaye shi kai tsaye me za ta yi in an nuna mata wuƙa an ce ta kawo waya. In ya miƙe zai nuna mata dabara, ta yi masa sallama ta fito.

Ta daɗe ba ta ce komai ba. Can wajen azahar sai ga saƙonta: "Kawu, ni fa tun ranar nake ganin kamar ragwanta na yi da na ba shi."

Wata biyu ke nan tana ɗauke da wannan a ranta, ba wanda ya sani a gidan. Na ajiye rubutun na kira ta.